Attajiri da Talaka a Gini Ɗaya: Shawara ga Madawa, Buza da Keita Kafin a Gama Raba Filaye

Bara waccan aka tura wani ƙanena koyarwa a Buza, cikin malaman kwantaragi. Ya sauka tasha da katifarsa a naɗe da jakar littattafai, yana zaton kafin magariba zai sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Sai da ya yi mako biyu yana kwana a zauren wani abokin aiki. Duk inda aka nuna masa ɗakin kirki, maganar ɗaya ce: "Mushe, ɗaki akwai, amma sai ka aje kuɗin wata uku tukuna." Shi kuwa ko albashin fari bai karɓa ba. Ƙarshenta ya kama wani tsohon shago a bakin gari, ba makewayi, ba famfo, ga rufin kwano da ke dafa mutum da ransa in bazara ta kama. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, kullum in zai tafi lakwal sai ya wuce wasu gidaje uku na siminti, ƙofofinsu na ƙarfe a garƙame. Masu su suna Abijan ko Libiya wajen biɗa. Ba kowa ciki sai mai gadi da iyalinsa da awakinsa, a wata bukka jikin katanga.

Mutum uku ke nan a layi ɗaya: wanda ya gina bai zauna ba, wanda ke iya biyan haya daidai ƙarfinsa bai samu ba, da wanda ko dala ba ya iya biya. A manyan biranen duniya masu zanen gine-gine sun daɗe suna muhawara kan yadda za a haɗa waɗannan ukun a gini ɗaya, wani sashe a sayar ga mai hali, wani a ba da haya mai rangwame ga mai matsakaicin samu, wani kuma a ware wa marasa ƙarfi da tallafin hukuma. Na san mai karatu a Tamaske ko Sabon Gida zai ce wannan zancen Paris ne, ko a ce na Yamai, mu da fili ya ishe mu ina ruwanmu da gidan sama? Ni kuwa ina ganin zancen namu ne, kuma mun fi su damar gyara shi, don mu har yanzu garuruwanmu ba su gama rabewa ba.

Abin da muka gada

Zaman attajiri kusa da talaka ba baƙon abu ba ne a Adar da Gobir Tudu. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa ya san yadda babban gida yake. Ga zaure, inda baƙo ke sauka ba a tambaye shi ranar tafiya ba. Ga sashen maigida, ga na ƙannensa, ga ɗakin gwauruwar da mijinta ya rasu ta dawo gida, ga na yaron gida da aka yi wa aure aka yanka masa gefe. Almajirai na kwana a soron ƙofa. Tuwon dare in ya sauka, akushi na ƙetare katanga. Ba na cewa wancan zama adalci ne zalla. Akwai sarauta akwai talauci, akwai unguwannin da sana'ar gado ta keɓe, akwai kuma tabon bauta da har yau ba a gama wanke shi ba a yankinmu. Sai dai rijiya ɗaya ake ja, masallaci ɗaya ake sahu, ƴaƴa kuma dandali ɗaya suke wasa. Mai hali yana ganin yunwar maƙwabcinsa da idonsa, kunya ma kaɗai ta isa ta hana shi kau da kai.

Abin da ke warware wannan zama a yau shi ne lotisma, wato yankan filaye irin na hukuma. Ana ɗaukar gonakin bakin gari, a auna, a fitar da tituna, a ba masu gona wani kaso na filayen a matsayin diyya, sauran kuma ƙaramar hukuma ta sayar ta cike giɓin kasafinta. Wa ke saye? Ɗan kasuwa, babban ma'aikaci, da ɗan biɗa da ya aiko kuɗi. Da yawansu ba don su zauna suke saye ba, ajiya ce, don fili ba ya ruɓewa kamar albasa. Tun farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye, kowa ya gane cewa takardar fili kuɗi ce a aljihu. Talaka kuwa sai ya gangara inda ba mai so, bakin kwari da hanyar ruwa, ko ya zauna gadin kangon wani har ranar da za a ce masa ya tashi. Ba wanda ya zauna ya tsara a raba gari gida biyu, amma abin da tsarin ke haifarwa ke nan.

Ga kuma jama'a na ƙaruwa. A ƙidayar 2012 gundumar Madawa ta haura mutum dubu 500, Buza ta haura dubu 400, Keita ta haura dubu 300, a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Yaran da aka ƙidaya a goye a wancan lokaci nan da ƴan shekaru za su fara neman ɗakin aure. A kan wannan aka ƙara ƴan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga jihar Sakkwato suka sauka a Bangi da kewayenta. Sannan daminar 2024 ta zo ta nuna mana inda ɗaki ke yoyo: ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, a lokacin da azuzuwa da dama ke cike da waɗanda gidajensu suka rushe. Da yawa daga gidajen da ruwa ke ci na waɗanda aka tura hanyar ruwa ne.

Masu cewa fili ya ishe mu su tuna da wane irin fili ake magana. Ƙasar noman kwarin Tarka, wadda albasarta ke kaiwa har Gana da Kodebuwa, ba ta ƙaruwa. A kwarin Majiya tun 1975 aka fara dasa layukan bedi don kare gonaki daga iska. A Keita kuwa, daga 1984, aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyi tare da hukumar FAO ya dawo da dubban hekta daga fako, kuma mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka, ana biyan su da abinci. Ƙasar da aka ƙwato da irin wannan gumi, bai kamata a mayar da ita kangaye masu katanga da ba kowa ciki ba. Kowane sabon layi da gari ya miƙa kuma, sai an bi shi da bututun ruwa da turakun lantarki da aji da ɗakin shan magani, alhali na cikin gari ma ba su wadata ba.

Abin da wasu suka gwada

Waɗanda suka riga mu sun yi kurakurai masu tsada, ba sai mun maimaita ba. A birnin Sen Luwis na Amurka an gina rukunin Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11, aka fara shiga a 1954. Ya zama matattarar marasa ƙarfi zalla, kuɗin hayar da ake tarawa bai isa gyara ba, gini ya lalace, tsaro ya taɓarɓare, a 1972 aka fara rushe shi. Faransa ma ta tara talakawa da baƙi a dogayen benaye a bayan gari, ta ga abin da ya biyo baya, sai a Disambar 2000 ta kafa doka cewa garuruwan da suka kai wani adadi na jama'a dole kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama na tallafi, a 2013 aka ɗaga zuwa 25 ga da yawansu, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara. A Niyok da Landan magina sun karɓi sharaɗin haɗa mai kuɗi da talaka, amma suka yi wayo: ƙofar gaba mai ƙyalli ta masu saye, wata ƙarama ta gefe ta masu hayar rangwame. Da abin ya tayar da ƙura a Niyok a 2014, shekara ta gaba aka hana shi ga gine-ginen da ke cin sassaucin haraji. A Biyana ta Ostiriya kuwa, inda kusan rabin mazauna ke cikin gidajen hukuma ko na tallafi, an buɗe ƙofar har ga masu matsakaicin samu, kuma ba a korar mutum don samunsa ya ƙaru. Shi ya sa a can adireshin mutum ba ya tona asirin aljihunsa.

A nahiyarmu Habasha ta gina dubban gidajen bene a Adis Ababa tun tsakiyar shekarun 2000, ana raba su ta hanyar ƙuri'a. Da yawa daga talakawan da suka ci ƙuri'ar sun kasa biyan kuɗin wata-wata, suka ba masu hali haya suka koma inda suka fito. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun san labarin gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, waɗanda aka dasa da dama daga cikinsu nesa da kasuwa da ruwa. Mu ma nan mun ga gine-ginen bikin 18 ga Disamba, irin na Tawa Sakola a 2017. Sun ƙawata gari, amma ba da malamin kwantaragi ko mai tallan ruwa a zuciya aka zana su ba.

Misalai biyu na cikin gida sun fi kusa da abin da nake nufi. A jihar Difa, hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Tarayyar Turai, ta haɗa kai da ƙananan hukumomi aka yi lotisma ta wani salo: kaso na masu gona, kaso na sayarwa don asusun gari, kaso kuma na ƴan gudun hijira da marasa ƙarfin cikin gari, duk a unguwa ɗaya. A Yamai kuma, a 2016, wasu masu zane huɗu, cikinsu har da ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara, sun gina rukunin da suka kira Niamey 2000: gidaje shida masu hawa ɗaya a sama, da tubalin ƙasa matsattse, kowanne da tsakar gidansa. Don masu matsakaicin samu aka yi shi, amma ya nuna ana iya matse gidaje a ƙaramin fili ba tare da an tozarta sirrin iyali ba.

Irin ginin da zai zaunu a nan

In an ce gidan sama, kada hankali ya tafi ga hawa goma. Wanda ya ga yadda muka kwana cikin duhu bayan Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ba zai ba da shawarar ginin da sai da na'urar hawa ake shiga ba, kuma famfon da ke wahalar cika tulu a ƙasa ba zai kai ruwa hawa na biyar ba. Hawa ɗaya a sama ya isa Madawa da Buza da Keita. Wannan kuwa maginanmu sun iya shi tun kaka da kakanni, ga benayen ƙasa nan a Birnin Damagaram da Agadas. A Yama, nan cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji an gina sabon masallaci da tubalin ƙasa a 2018, aka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Fasahar gini ba katako, wadda aka fara koyarwa a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980, ta nuna ana rufa ɗaki ba tare da an sare giginya an yi azara ba. Simintin Malbaza na kusa, sai a sa shi inda ya zama dole, wato tushe da matakala da makwararar ruwa, don ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ke kayar da ginin ƙasa. Bango mai kauri kuwa ya fi kwano da bulo sanyi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Sai kuma a zana shi don rayuwarmu. Matar da aka kai hawa na sama, ina za ta aje turmi? Ina za ta hura murhu, ina za ta ɗaure ragon da take kiwo don Layya? Mai zanen da bai amsa wannan ba, gidan kallo ya zana. Kowane iyali na buƙatar ƴar tsakar gida tasa ko rufin soro mai doguwar katanga inda za a sha iska da dare, da makewayinsa na kansa, domin rabin faɗan gidan haya a bakin makewayi da famfo yake farawa. Wurin daka da shanya da garken dabbobi a yi shi a ƙasa, na kowa da kowa. Taga kada ta leƙa tsakar gidan wani. Wannan ma ba sabon ilimi ba ne, malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kansa, har wani magini na Tunis, Ibn Rami, ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14. Tsofaffi da masu naƙasa a ba su ɗakunan ƙasa. Uwa uba, ƙofa ta zama ɗaya, shafe iri ɗaya, tagogi iri ɗaya, a kuma warwatsa gidajen tallafi cikin sauran, yadda baƙo in ya shigo ba zai iya nuna yatsa ya ce ga sashen miskinai ba. Ranar da yara suka fara kiran wani lungu da sunan gori, ranar aikin ya mutu.

Wa zai biya?

A ɗauka an sami fili kusa da babbar hanyar da ta ratsa Madawa, aka yi gidaje 20 da shaguna a fuskar titi. A sayar da 8 ga ƴan kasuwa da ƴan biɗa a kan farashin kasuwa, ribarsu ta rage nauyin ginin sauran. A ba da 8 haya ga malamai da ma'aikatan likita da masu ƙananan sana'o'i, ba tare da kuɗin wata uku a gaba ba. A bar 4 ga gwauraye mata masu marayu da waɗanda ambaliya ta raba da muhalli. Lissafin na iya canzawa daga gari zuwa gari, abin da ba zai canza ba shi ne fili ya fito daga hukuma kyauta ko da rangwame, domin shi ne abin da ƙaramar hukuma ke da shi ko da asusunta babu ko tamma.

Ɗan biɗa ma ya ci riba a nan. Maimakon ya riƙa aiko kuɗi shekara bakwai ana ɗora bulo biyu-biyu, wani lokaci ma ɗan'uwa ya cinye, sai ya sayi gida gamamme a cikin mutane, inda matarsa da ƴaƴansa ke da maƙwabta in dare ya yi. Bankin gidaje da aka buɗe a 2018 ya fi sauƙin shiga ga mai takardar albashi, alhali manomin albasa da mai sayar da dabbobi samunsu na shekara-shekara ne, don haka biyan nasu ya kamata ya bi kaka. Gidajen tallafi kuma a mayar da su waƙafi, kada a sayar, kada a gada, kada wanda aka ba ya ba wani haya, don kauce wa abin da ya faru a Habasha. Attajiranmu suna gina masallatai, Allah ya saka musu, amma rufa wa marainiya asiri da ɗaki shi ma sadaka ce mai gudana.

Inda irin wannan aiki ya fi mutuwa shi ne wajen gyara. Ranar buɗewa kowa na nan da babbar riga, bayan damina uku indararo ya toshe, masai ya cika, kowa na jiran wani. Don haka hayar shagunan nan ta zama ta asusun gyara tun ranar farko, a rubuce. Riƙon asusun kuma a ba waɗanda suka nuna sun iya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a Maraɗi a 1991, sun shekara fiye da talatin suna riƙe akwatin kuɗi a ƙauyuka, ana lissafi a gaban kowa. Haka zaɓen waɗanda za a ba gidajen tallafi: a yi shi a fili, da mai unguwa da liman da wakilan mata, a karanta sunaye a bainar jama'a, in ba haka ba gidan gwauruwa zai ƙare a hannun ɗan ƙanen wani babba.

Na taɓa kawo wannan magana gaban wani dattijon magini a Madawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, zo mu zauna, zo mu saɓa. Alhaji ba zai yarda ƴaƴansa su sha ruwa a randa ɗaya da na mai gadi ba." Na ce, "Baba, ai yanzu ma tare suke, bambancin kawai mai gadin ba shi da rufi." Ya yi dariya ya ce in dai an raba makewayi, sauran mai sauƙi ne. Gaskiyarsa, saɓani zai faru, kuma babban attajiri mai mata huɗu da motoci ba zai shigo ba. Ba shi ake nema ba. Ana neman matsakaicin ɗan kasuwa, da ungozoma, da malamin lakwal, waɗanda zamansu a wuri ke sa a gyara famfo in ya lalace, don sun san ƙofar ofishin da za a buga. Yaron gwauruwa da ya tashi yana ganin maƙwabcinsa na bitar karatu da fitila kowane dare, shi ma wata rana zai ɗauki littafi.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, masu riƙon garuruwanmu naɗaɗɗu ne, sa hannunsu kuma na da nauyi a kan duk wani sabon yankan fili. Kirana gare su, da sarakunanmu, da kwamitocin kula da filaye na Madawa da Buza da Keita, shi ne kada a ƙara amincewa da wata lotisma sai an ware kaso na gidajen haya mai rangwame da na tallafi, a tsakiyar unguwa, a kan tudu, kusa da ruwa da makaranta. A fara da rukuni ɗaya a kowane babban gari, a ba maginan gida aikin, a zauna cikinsa damina biyu a ga inda ya yi yoyo, sannan a ƙara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fili sai an tanade shi tun kafin a kafa turakun awo, domin in aka raba takardu aka zagaye da katanga, ba mai iya dawo da shi.